Filin Mai Gyara: Ina A da B, Aka Fara da C?

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan wata sun yi yawa, amma da na zauna bayan isha'i ina tace su, sai na ga guda biyar 'yan ɗaki ɗaya ne. Duk a kan suna suke: yadda babbar manhajar kwamfuta ko ta waya, wato irin su Windows da Linux da Android, ke raɗa wa kayan cikinta suna, da inda take ajiye kowanne. Masu tambayar batiri da caja su yi mini haƙuri zuwa wata mai kamawa.

Malam, na shirya darasi a PowerPoint da bidiyo uku a ciki, duk a kan filash ɗina. A gida komai lafiya. Da na sa a kwamfutar makaranta, bidiyon suka ƙi buɗewa. Wani ya ce wai don filash ɗin a gida E ne, a makaranta F. Gaskiya ne? Kuma me ya sa kwamfuta ke farawa da C, ina A da B? — Wata malama daga Gusau

Malama, wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba. Darasin naki bai haɗiye bidiyon ba, adireshinsu kawai ya riƙe, kuma adireshin da E ya fara. Kwamfutar makaranta ta riga ta ba wani abu harafin E, ko wani sashe na faifanta ko ramin CD, sai ta ba filash ɗinki F. Darasi ya je ƙofar E ya yi sallama, ya tarar ba mutanensa ba ne a gidan.

A da B kuwa masu gida ne da suka rasu aka bar ɗakunansu a kulle. A shekarun 1970 akwai wata babbar manhaja mai suna CP/M, ta wani Ba'amurke Gary Kildall, wadda ke kiran ramukan faifai da haruffa. Da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981 ɗauke da babbar manhajar DOS ta Microsoft, sai aka gaji wannan ɗabi'a. Kwamfutar lokacin ba ta da faifan ciki, fulofi ake zura mata, wani siririn faifai da ake sawa a zare: ramin farko A, na biyu B. Ko da rami ɗaya gare ta, DOS na ajiye B a gefe don ranar da za ka kwafi faifai zuwa faifai, ka zare wannan ka zura wancan. Da faifan ciki ya zo a samfurin 1983, mai ɗaukar megabayit 10 kacal, wanda bai isa bidiyonki ko ɗaya ba, harafin da ke kan layi shi ne C. Fulofi ya shuɗe, ni ma ƙarshen zamaninsa na riska a shagon buga takardu da na fara koyon aiki, inda ƙurar hunturu ke kashe mana su kwali-kwali. Amma C ya zauna daram, domin dubban manhajoji sun riga sun haddace cewa gida yana C.

Ina da yaya da har gobe Auta ake kiran ta, alhali mu biyu ne a bayanta. An sa mata sunan ne lokacin da Inna ta ɗauka ta gama haihuwa. To harafin E irin wannan suna ne. Ba ya gaya miki ko wane filash ne, yana gaya miki na nawa ne a zuwa ranar da aka sa shi. Matsayi ne aka mayar suna, matsayi kuwa yana sauyawa ba tare da an yi shawara da mai shi ba.

Ke bidiyo kika rasa na rabin awa. Akwai wani Alhaji mai sayar da atamfa da aka taɓa kira na shagonsa, faifan kwamfutar lissafinsa ya mutu. Bai tayar da hankali ba, har shayi ya sa aka kawo mini, don ya san manhajar lissafin na ajiye kwafi kowane yamma a wani faifan waje. An saita ta ne ta riƙa kai kwafin E. Ashe wata rana yaron shago ya zare faifan wajen ya sa modem, irin wanda kwamfuta ke gani kamar CD, modem ya karɓe E. Da aka mayar da faifai sai ya zama F, ya kuma zauna a F. Manhaja tana zuwa E kullum ba ta samun wurin rubutu, ba ta kuma ce wa kowa uffan ba. Muka buɗe faifan a gabansa: kwafin ƙarshe na watan Sha'aban ne, mu kuwa muna cikin Rabi'ul Awwal. Bashin wata bakwai sai daga ƙwaƙwalwar yara da guntayen takardu aka harhaɗo. Shayin nan ban iya shanye shi ba.

Abin haushin shi ne ita kanta Windows ba da C take kiran faifanta ba idan ta shiga ɗaka. Tun daga Windows NT na 1993 tana da wani tsari na ciki, inda a yau sashen faifai ke da suna irin \Device\HarddiskVolume da lamba a gaba, kuma kowane sashe na da doguwar lambar shaida da ba ta sauyawa. C da E laƙabi ne kawai da aka rataya a ƙofa don mu da tsofaffin manhajoji. Wato maganin yana cikin gidan, mu ne aka bari da cutar.

Abin da za ki yi: ki zuba darasin da bidiyonsa a folda ɗaya kafin ki saka su, ko ki zaɓi a cusa bidiyon cikin darasin ɗungurungum maimakon a yi nuni gare shi. Mai faifan ajiye kwafi kuma ya shiga Disk Management, wurin saita faifai a Windows, ya ba shi harafi daga can ƙarshen layi, kamar R ko W, inda baƙo ba zai riga shi zama ba. Sai dai wannan harafi a kwamfutar da aka sa shi kaɗai yake aiki, ba ya bin faifan zuwa wata.

Malaminmu ya ce a Unix komai fayil ne, kuma wai wannan ya fi tsarin Windows. Amma da na sa Ubuntu na ga foldoji masu suna bin, etc, usr, var, kuma bin ɗin ma ba ɗaya ba. In wannan ne tsari mai kyau, me ya sa ya fi kama da ɗakin shirgi? In kai aka ba, yaya za ka tsara? — Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga Zariya

Ƙanena, kai da malaminka duk kuna da gaskiya, abu biyu daban kuke kallo. Shi yana yabon zanen gidan, kai kana ƙorafin tarkacen da shekara hamsin da ɗoriya suka tara a ciki.

Zanen dai kyakkyawa ne. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara Unix, babbar manhajar da Linux ta kwaikwayi tsarinta, a 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, kuma suka tsaya a kan cewa saiwa ɗaya ce, wadda ake rubutawa da /, komai daga gare ta yake tsirowa. Babu C babu D. In ka kawo sabon faifai, sai a ɗaura shi a wani reshe na wannan bishiya ya zama kamar folda. Sannan na'urori ma aka ba su suna a cikin bishiyar, a ƙarƙashin /dev, ana karanta su ana rubuta musu kamar kowane fayil. Buɗe tagar umarni a Ubuntun nan taka, wadda nau'in Linux ce, ka rubuta cat /proc/cpuinfo, za ka ga bayanin ƙwaƙwalwar kwamfutarka ya zubo. In ta cinya ce, gwada cat /sys/class/power_supply/BAT0/capacity. A tawa da nake wannan rubutu 47 ta ba ni, wato saura kashi 47 cikin ɗari na caji, ma'ana in hanzarta tunda ba a kawo wuta ba. Babu wani fayil a kan faifai mai ɗauke da wannan lamba, batirin ne aka ba shi suna da ƙofa, ka ƙwanƙwasa ya amsa. Amfanin haka shi ne kayan aiki ɗaya ya ishe ka: abin da ke karanta wasiƙa shi ke karanta batiri. Akwai ma /dev/null, ramin da duk abin da ka jefa ciki ya tafi ke nan.

Abu na biyu da suka yi daidai, wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, shi ne sun raba suna da mai suna. Fayil a Unix lamba gare shi, rubuta ls -i ka gani. Folda kuwa rajista ce kawai: wannan suna na lamba kaza ne. Shi ya sa fayil ɗaya kan iya amsa suna biyu a wurare biyu, kamar mutumin da ake kira Malam a makaranta, Baban wance a gida. Shi ya sa kuma za ka iya sauya wa waƙa suna tana cikin kaɗawa ba ta ko yi tuntuɓe ba.

Shirgin da ka gani kuma tarihi ne. Asali usr wurin ajiyar kayan masu amfani da kwamfutar ne, a faifai na biyu. Da faifan farko ya cika a farkon shekarun 1970, sai suka buɗe wani bin a cikin usr suka riƙa zuba ragowar manhajoji. Rashin wuri ne ya haifi /usr/bin, amma na baya suka zo suka tarar da shi suka ƙirƙiro masa hikima, har aka shigar da shi cikin rubutacciyar ƙa'idar foldojin Linux da aka fara a 1994. Sai a 2012 Fedora, wani nau'in Linux, ta yi ƙarfin halin haɗe bin ɗin biyu, sauran suka biyo baya a hankali. Duba /bin a Ubuntunka, za ka ga nuni ne kawai zuwa /usr/bin. Shi kuwa etc ma'anarsa "da sauransu", wurin jefa abin da aka rasa inda za a sa, yau shi ne ɗakin da ke riƙe da saitin kwamfuta kaf. Hatta ɓoye fayil ta hanyar fara sunansa da ɗigo, Rob Pike na Bell Labs ya ba da labarin cewa daga wata gajeriyar hanya da aka bi wajen rubuta ls, umarnin jera sunayen fayiloli, ta samo asali, ba wanda ya zauna ya tsara ta.

Kuma kada malaminka ya ɓoye maka, Linux ma ta yi fama da ciwon Auta. Faifan da ta fara gani shi ne sda, na biyu sdb, in ka sa filash kafin ka kunna ana iya juya su. Na san wanda ya goge faifan da ba shi ya nufa ba saboda wannan harafi ɗaya. Maganin da aka yi shi ne ɗaura faifai da doguwar lambar shaidarsa, leƙa /etc/fstab ka gani. Haka katin sadarwa: da eth0 ake ce masa, daga 2013 aka koma sunaye irin enp3s0, masu nuna ramin da katin ke zaune. Sunan ba daɗin faɗa, amma ba ya kwana ya tashi a jikin wani.

"Komai fayil ne" ma da sauran magana. Hanyar sadarwa a Unix ba ta shiga bishiyar yadda ya kamata ba, ƙofarta daban aka yanka mata. Su kansu mutanen Bell Labs sun ga haka, suka sake gini daga tushe da suna Plan 9, wanda ya fara fita a 1992. A can sadarwa na ƙarƙashin /net, kuma kowace manhaja ana iya shirya mata bishiyarta, ta ga abin da ya shafe ta kaɗai. Plan 9 bai yi kasuwa ba, amma wannan dabara ta ba kowa bishiyarsa ita ce yau ke ƙarƙashin irin su Docker, masu killace kowace manhaja a ɗakinta.

Ta ɓangaren Windows, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bishiya ba ɗaya ba. Ga ta fayiloli mai haruffa, ga Registry, rumbun saitin Windows, mai su HKEY_LOCAL_MACHINE da ba ka shiga sai da mabuɗinta na daban, ga kuma ta ciki da na ambata wa Malama. Sannan ga abin dariya: a Windows mai bit 64, folda mai suna System32 ita ke ɗauke da kayan 64, kayan 32 kuma suna SysWOW64. Ba wauta ba ce. Tsofaffin manhajoji sun haddace System32, sai aka ga gara suna ya yi ƙarya da a karya su. Suna linzami ne, da zarar ka sa shi mutane suka kama, kai ma ya kama ka.

In ni aka ba, saiwa ɗaya zan yi kamar Unix, komai ya shigo ƙarƙashinta har da saiti da sadarwa. Kowane abu in ba shi lambar da ba ta sauyawa har ya mutu, manhajoji da ita za su riƙa kiran sa, a haramta musu haddace adireshi. Sunan da mutum ke gani kuma a sakar masa, ya sauya lokacin da ya ga dama, da harshen da ya ga dama. Kuma kayan kowace manhaja su zauna ɗaki ɗaya, kamar yadda kwamfutocin Apple ke dunƙule manhaja a ƙunshi guda, ba a watsa ta a foldoji biyar ranar cirewa a rasa ina da ina aka zuba ba. Na san da wuya a samu, domin duk wanda ya tashi gyaran sai ya tarar da miliyoyin mutane zaune a tsohon gini. Amma tambaya ka yi.

Na so in buɗe folda mai suna CON, taƙaitaccen sunan wani kwantiragi, kwamfuta ta ƙi. Yarona ya ce wai laƙabin Bill Gates ne da ba ya so. Haka kuma ta ƙi karɓar suna "Rasit 9/1/2025". — Wani ɗan kwangila daga Bauchi

Alhaji, yaronka labarin shan shayi ya kawo maka. CON sunan allon rubutu da fuskar kwamfuta ne a zamanin DOS, PRN firinta, NUL ramin zubarwa, ga AUX, ga COM1 zuwa COM9 da LPT1 zuwa LPT9. DOS na farko ba shi da foldoji sam, sai 1983 suka zo, don haka sunayen na'urori suka zama masu aiki a ko'ina, ba a killace su a ɗaki ɗaya kamar /dev ba. Gadon ke nan. Sa masa CON-Bauchi ko Kwantiragi, zai karɓa.

Karan da ka raba kwanan wata da shi kuwa alamar shiga folda ce, shi ya sa aka hana. Haramtattun a Windows tara ne: \ / : * ? " < > |. Amma ƙin da ta yi alheri ne gare ka. Ka riƙa fara sunan rasit da shekara, sai wata, sai rana, da sifili a gaban lamba ɗaya: 2025-01-09. Ta haka rasitan za su jera kansu daga na farko zuwa na ƙarshe. In ka fara da rana, na 9 ga Janairu da na 9 ga Yuli za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ranar da mai binciken kuɗi ya zo ka sha wuya.

Ni marubuciya ce. Ina son sa wa fayilolina suna da Hausa sosai, da ƙ da ɗ da ɓ, amma an ce kada in yi. Sannan kwamfutata ta Faransanci ce, tana nuna Utilisateurs, amma wani lokaci in ga Users. Folda biyu ne? — Wata marubuciya daga Maraɗi

Hajiya, in fara da ta biyun, don ita ce misalin abu da aka yi daidai. Folda ɗaya ce. Sunanta na yanka Users a kowace Windows ta duniya tun daga Vista, Utilisateurs kuwa riga ce da aka sa mata don idonki. Taɓa layin adireshi a sama, rigar za ta zame ki ga C:\Users. Kafin haka, a zamanin XP, fassarar har cikin ƙashi take shiga: a Windows ta Jamusanci foldar manhajoji da gaske Programme take, sai manhajar da aka rubuta a Amurka ta zo tana neman Program Files, ta rasa, ta gina tata a gefe. Da aka raba sunan da na'ura ke kira da wanda mutum ke gani, rigimar ta mutu. Wannan hanya ce kuma ta sa ake iya fassara fuskar Windows da Hausa ba tare da an rushe komai ba.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, Windows da Linux da Android da na Apple duk suna karɓar su a sunan fayil yau, domin kowanne na da lambarsa a Unicode, tsarin da ya tattara haruffan duniya. Hanyar rubuta su da ta fi yaɗuwa, UTF-8, su Ken Thompson da Rob Pike ɗin nan ne suka tsara ta a 1992, don Plan 9. Kada ki haɗa wannan da tsofaffin salon rubutu da muka yi amfani da su a shagunan buga takardu, inda ake aron maɓallin } a zana masa ƙ, a ari ] a zana masa ɗ. Waccan ƙ ta ido ce kawai, shi ya sa tsohon rubutu in ya je wata kwamfuta sai ki ga }asa da ]aya.

Masu hana ki ba su rasa hujja ba. Rediyon mota da ƙananan na'urorin sauraron karatu da yawa alamar tambaya suke nunawa a madadin ƙ. Tsohuwar manhajar matse fayiloli kan dagula sunan. A adireshin intanet ƙ kan rikiɗe ta zama %C6%99. Na'ura mai jera sunaye bisa lamba zalla takan kai ƙ can bayan z maimakon kusa da k. Kuma in kin sa wa fayil suna Ƙasa, kika nema da kasa, ba lallai ya fito ba, wanda a wajena daidai ne, don ƙasa daban kasa daban, mai taka ɗaya yana tafiya, mai taka ɗayar sai asibiti. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne 'y. Ku a Nijar kuna da ƴ, harafi guda, kun huta. Mu a Najeriya waƙafin sama muke sawa, shi kuwa iri-iri ne, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, ido ba ya bambancewa amma kwamfuta na ganin su haruffa daban. Na taɓa ɓata rabin yini ina neman fayil mai suna 'Yan makaranta da ke gabana.

Ni abin da nake yi: duk abin da zai zauna a kwamfutata da wayata, da cikakkiyar Hausa nake sa masa suna, ban ga dalilin da zan rubuta daki ina nufin ɗaki ba. Wanda zai je gidan buga littafi, ko filash na mota, ko shafin intanet, shi nake rage wa lanƙwasa a suna, rubutun ciki kuwa ba na taɓa shi. In duk muka guje wa haruffanmu don tsoron na'ura, masu ƙera na'urar ba za su taɓa sanin akwai gyara ba.

Ɗana ya saya mini sabuwar waya. A tsohuwar ina shiga foldar WhatsApp in kwashe hotunan kayan da nake sayarwa. A sabuwar babu foldar, amma hotunan na nan a WhatsApp. Ina suka shiga? Kuma mene ne DCIM? — Wata mai sayar da turaren wuta daga Maiduguri

Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka. Hotunanki ba su ɓata ba, ƙaura aka yi da su. Buɗe manhajar fayiloli, ki shiga Android, sai media, sai com.whatsapp, sai WhatsApp, sai Media. In na 'yan kasuwa kike amfani da shi, foldar com.whatsapp.w4b ce.

Dalilin ƙaurar shi ne a da ma'ajiyar waya kamar tsakar gidan haya take, kowace manhaja na shanya inda ta ga dama, tana kuma leƙa kayan kowa. Manhajar tocila ma tana iya karanta hotunanki. Google ya fara killace kowa a ɗakinsa a Android 10 na 2019, ya tsaurara a Android 11 na 2020. Gyara ne mai kyau, sai dai ba wanda ya yi wa masu waya sallama kafin a kwashe musu kaya.

Wannan suna mai ɗigo-ɗigo, com.whatsapp, shi ne sunan yankan manhajar, adireshin intanet na kamfanin ne aka juya daga baya zuwa gaba don kada biyu su yi karo. Wanda kike gani a ƙarƙashin koren tambari laƙabi ne. Sunan yankan ba ya sauyawa: Twitter ta koma X tun 2023, amma a cikin waya har yau com.twitter.android take. In kuma kin ga /storage/emulated/0 a saman fuska kada ya ba ki tsoro, ma'ajiyar cikin wayar ce. Wayoyin farko a katin memori suke ajiye hotuna, da aka koma ajiyar ciki sai aka sa ta ta riƙa kwaikwayon kati don tsofaffin manhajoji su samu abin da suka saba. Sifilin kuma ke ce, mai amfani ta farko, don waya ɗaya na iya ɗaukar mutum fiye da ɗaya.

DCIM gadon kyamarori ne. Masu ƙera su a Japan suka yi yarjejeniya a ƙarshen shekarun 1990 cewa kowace kyamara ta zuba hotuna a folda mai wannan suna, don kowace kwamfuta da injin wanke hoto su san inda za su duba. Waya ta zo ta tarar ta bi. Hotunan da kika ɗauka da kanki suna can, waɗanda aka turo miki kuma suna wajen WhatsApp da sunaye irin IMG-20250109-WA0007, wato shekara, wata, rana, sai lambar hoton.

Tunda hotunan nan jarinki ne, kada ki bar su a ɗakin WhatsApp, domin ranar da aka cire manhajar ana iya tafiya da ɗakin da abin da ke ciki. Ki buɗe folda taki a cikin Pictures, ki sa mata suna Turare, duk hoton kaya da ya shigo ki kwafe shi can, ki kuma sauya masa suna zuwa abin da za ki tuna, kamar humra-kwalba-babba. Sannan ki ja wa yaran gida kunne: in waya ta ce wuri ya cika, kada wanda ya shiga foldar Android da niyyar shara.